Tattarawa, Haɗewa da Tarayya: Nazarin Kalmomin Mayar da Iko Wuri Guda

1.0 Gabatarwa

A ranar 24 ga watan Mayu na shekarar 1966, gwamnatin soja ta Manjo-Janar Aguiyi-Ironsi ta fito da Doka ta 34. Dokar ta soke yankuna huɗu da Nijeriya take da su a lokacin, ta cire kalmar "Tarayya" daga sunan ƙasar, ta kuma haɗe ma'aikatan gwamnati a ƙarƙashin hukuma ɗaya. Masu goyon bayan dokar sun ɗauke ta a matsayin haɗin kai, amma mutane da yawa a Arewa mamaya suka gani a cikinta. Bayan kwana biyar sai tarzoma ta ɓarke a wasu garuruwan Arewa, aka yi asarar rayuka masu yawa, akasarinsu na 'yan ƙabilar Ibo, kalmar "a raba" kuma ta shiga bakin jama'a. A ranar 29 ga watan Yuli aka kifar da gwamnatin, kuma cikin 'yan makonni gwamnatin Yakubu Gowon ta soke dokar, ta maido da tsarin tarayya.

Dalilan wannan rikici suna da yawa, kuma masana tarihi sun yi rubutu a kansu. Abin da ya shafi mai nazarin harshe shi ne yadda aiki ɗaya ya sami suna biyu, kowane suna kuma da irin hukuncin da yake ɗauke da shi. Wannan maƙala za ta duba kalmomin da Hausa take amfani da su wajen bayyana mayar da iko ko dukiya ko aiki ƙarƙashin hannu ɗaya, da yadda ƙirarsu take sauya ma'anarsu, da kuma wuraren da ɗalibai suka fi yin tuntuɓe a cikin darussan tarihi da mulki da kimiyya.

2.0 Kalmomin da Ke Nuna Wurin da Iko Yake

Kafin a tattara abu, tilas a sami wurin da za a kai shi. A harsunan Turai da dama, kalmar da ke nufin wannan wuri ta samo asali daga kalmar Girkanci kentron, wato tsini, musamman tsinin kamfas da ake kafawa a takarda idan za a zana da'ira. Ita kuwa Hausa ba ta dogara da kalma ɗaya ba. Tana da hotuna da dama, kuma kowanne da inda ya dace.

Na farko shi ne tsakiya, kamar yadda ake cewa "gwamnatin tsakiya". Wannan suna na matsayi ne, ba na bigire ba, domin Legas tana can gefen ƙasar a bakin teku, amma ita ce mazaunin gwamnatin tsakiya har zuwa watan Disamba na 1991 da aka koma Abuja. Na biyu shi ne cibiya, wadda aka aro daga jikin ɗan Adam, kuma ta fi dacewa da wurin da wani aiki na musamman yake gudana, kamar cibiyar bincike ko cibiyar kasuwanci. Na uku shi ne uwa, kamar a "uwar jam'iyya" da "uwar ƙungiya", inda abokan zamanta su ne rassa. Na huɗu shi ne babba, kamar a "Babban Bankin Nijeriya", wanda ya fara aiki a ranar 1 ga watan Yuli na 1959. Abin lura a nan shi ne, sunan bankin a Ingilishi tsakiya yake nunawa, amma Bahaushe girma ya duba, shi ya sa "bankin tsakiya" bai zauna a bakin jama'a ba. Na biyar shi ne ƙoli, kamar a "Kotun Ƙoli", wanda yake nuna matsayin da babu wani a samansa. Akwai kuma hedkwata, wadda aka aro, da fada, wadda aka gada.

Akwai wani kuskure da ya kamata malamai su lura da shi. Wasu ɗalibai, idan suna neman aikatau daga kalmar tsakiya, sukan rubuta "gwamnati ta tsakaita mulki". Tsakaitawa tana nufin yin abu tsaka-tsaki ba tare da wuce gona da iri ba, kamar a ce "ya tsakaita cin abinci". Saboda haka jimlar tana iya ba da kishiyar abin da ɗalibin yake nufi.

3.0 Saiwar Tar- da 'Ya'yanta

A shekarar 1960 masanin harshe F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa zuwa azuzuwa bakwai, waɗanda ake kira giredi. Muhimmancin wannan rabo shi ne ya nuna cewa wasalin ƙarshe da karin sauti suna ƙara wa saiwar aikatau ma'ana. Ana ganin haka a fili a waɗannan jimloli:

(a) Hakimi ya tara dagatai.
(b) Dagatai sun taru.
(c) Hukuma ta tattara haraji.
(d) Hukuma ta tattare haraji.

A jimla ta (a) akwai mai tarawa da waɗanda aka tara. A ta (b), wadda aikataunta ya ƙare da wasalin -u, an ɓoye mai umurni, ko kuma babu shi gaba ɗaya, dagatan ne suka hallara. A ta (c) an ninka gaɓar farko, ninkin kuma yana nuna yawa, wato an bi wurare da dama an ɗebo. A ta (d) wasalin -e ya nuna ƙarewa, wato ba a bar komai a baya ba. Wannan ya sa "tattara iko" ita ce kalmar da ta fi dacewa a rubutun ilmi, domin tana bayyana aikin ba tare da yabo ko suka ba.

Kalmar tarayya kuwa, duk da kusancinta da waɗannan, ma'anarta ta kama wata hanya. Ɗafa-ƙeyar -ayya takan nuna abin da ɓangare biyu ko fiye suke yi a tsakaninsu, kamar a soyayya da ƙiyayya da jayayya da auratayya. Idan aka ce mutum biyu sun yi tarayya a gona, kowannensu yana da haƙƙi a cikinta wanda ɗayan ba zai iya sokewa ba. Haka tsarin tarayya yake a fannin mulki: tsarin mulki ne yake raba iko tsakanin gwamnatin tsakiya da ta jihohi, kamar yadda yake a Amurka da Jamus da Indiya, da kuma Nijeriya tun daga 1954. Saboda haka kuskure ne a ɗauka cewa tarayya da tattarawa abu ɗaya ne. Abin da yake rikita ɗalibi shi ne, a Nijeriya gwamnatin tsakiya ita ake kira "Gwamnatin Tarayya", sai ya zama idan aka ce "an mayar da abu hannun Tarayya", a zahiri an tattara shi ke nan.

4.0 Haɗa, Haɗu, Haɗe da Dunƙule

Saiwar haɗ- ita ma haka take tafiya. "An haɗa su" yana nuna hannun wani. "Sun haɗu" da "sun haɗa kai" suna nuna yarda. "An haɗe su" yana nuna cewa sun zama abu ɗaya, kowanne ya rasa kamanninsa na da. Abin da Gwamna Lugga ya yi wa Arewa da Kudancin Nijeriya a ranar 1 ga watan Janairu na 1914 haɗewa ake kiransa, tun da ba a nemi shawarar mutanen ƙasa ba. Su kuwa masarautun da suka kafa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 1971 haɗuwa suka yi, kowace masarauta ta riƙe sarkinta. Haɗin gwiwa kuma ya fi waɗannan duka sauƙi, domin aiki ne na wani lokaci ko na wata manufa, kowa yana nan da ikonsa.

Ƙasar da iko duka yake hannun gwamnati ɗaya, sauran hukumomi kuma aron iko suke yi daga gare ta, ana iya cewa tana da dunƙulallen mulki. Misalin da aka fi bayarwa shi ne Faransa. Bayan juyin juya halin 1789, an soke tsofaffin larduna, aka yanka ƙasar zuwa sassa 83 a 1790, sannan a 1800 Napoleon ya sa wa kowane sashe kantoma wanda ake naɗawa daga Paris. Jamhuriyar Nijar ta gaji wannan tsari daga mulkin mallaka. Dunƙulallen mulki bai hana dimokuraɗiyya ba, kuma tsarin tarayya bai tabbatar da ita ba. Faransa da Japan suna zaɓen shugabanninsu, alhali kuwa Nijeriya ta yi shekaru masu yawa tana amsa sunan tarayya a ƙarƙashin sojoji.

5.0 Kalmomi Masu Ɗauke da Hukunci

Wasalin -e, bayan ƙarewa, yakan nuna cewa an raba wani da abinsa. A kwatanta "gwamnati ta karɓi makarantu" da "gwamnati ta karɓe makarantu". A jimlar farko ana iya ɗauka cewa miƙa mata aka yi, a ta biyu kuwa akwai ƙanshin tilas. Idan aka ce "ta ƙwace", to an fito fili an yi zargi. Sai dai a kula: idan wakilin suna ne ya biyo baya, kamar a "ta karɓe su", rubutu ba ya bambanta ma'anonin biyu, karin sauti ne kawai yake bambanta su. Marubucin da ba ya nufin zargi sai ya ambaci sunan abin, ya ce "ta karɓi makarantun".

Akwai kuma kalmomin da suka ne zalla, irin su babakere da kane-kane da mamaya da danniya da kama-karya. A gefe guda kuma akwai na yabo, irin su haɗin kai da zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Har karin magana ya rabu biyu a kan batun. Mai son tattarawa zai ce ba a sarki biyu a gari ɗaya, mai son rarrabawa kuma ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗalibin da aka ce ya bayyana wata doka a jarrabawa, idan ya fara da "babakere", ya yanke hukunci tun kafin ya kawo hujja. Hanyar da ta dace ita ce ya faɗi abin da aka tattara, da inda aka ɗauko shi, da inda aka kai shi, sannan ya auna amfani da illa.

6.0 Abubuwa Uku da Ake Gwamutsawa

Akwai ayyuka uku da suka yi kama da juna, amma kowanne tambayar da yake amsawa daban ce.

Tattarawa tana amsa tambayar: wane ne yake yanke shawara? Gwamnatin Jihar Arewa ce ta kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sannan a 1975 Gwamnatin Tarayya ta karɓi jami'ar tare da ta Ife. Tun asali na gwamnati ne, matakin da ake gudanar da su ne ya sauya. Haka nan a 1978 aka kafa hukumar shirya jarrabawar shiga jami'a, wato JAMB, bayan a da kowace jami'a ita take ɗaukar ɗalibanta, har ɗalibi ɗaya ya sami gurbi a wurare biyu ko uku, wani kuma ya rasa. Asusun bai ɗaya da aka tilasta wa hukumomin Tarayya a 2015 shi ma tattarawa ne, domin kuɗin da ke warwatse a bankuna aka mayar Babban Banki.

Mayar da abu mallakar gwamnati yana amsa tambayar: na wane ne? Da Shugaba Jamal Abdul Nasir na Masar ya karɓe kamfanin Mashigin Suwez a 1956, mai abu ne ya sauya, daga masu hannun jari na Ingila da Faransa zuwa ƙasar Masar. Kishiyar wannan ita ce sayar wa 'yan kasuwa.

Daidaitawa kuwa tana amsa tambayar: da wane ma'auni za a yi aiki? Mudu yana bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, amma kilo ɗaya a Kano shi ne kilo ɗaya a Maraɗi. Sau da yawa daidaitawa takan biyo bayan tattarawa, kamar yadda sarkin da ya haɗe ƙasar Sin a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa ya daidaita rubutu da kuɗi da ma'aunai. Amma tana iya samuwa ta hanyar yarjejeniya, kamar taron da aka yi a Yamai a 1980 don daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa tsakanin Nijeriya da Nijar, inda babu ƙasar da ta miƙa wa wata ikonta.

7.0 Rarrabawa da Matakanta

Kishiyar tattarawa ita ce rarrabawa, ita ma matakai gare ta. Mataki na farko shi ne buɗe rassa: ma'aikata suna can a karkara, amma umurni daga hedkwata yake zuwa. Na biyu shi ne wakilci, inda ake ba da aron iko, mai shi kuma ya karɓe abinsa duk ran da ya ga dama. Na uku shi ne sakin mara, wanda yake kai wa ga cin gashin kai, inda ƙaramar hukuma take da shugabannin da ta zaɓa da kuɗin da take kashewa. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke a watan Yuli na 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, a kan wannan mataki na uku yake magana. Cin gashin kai kuma ya bambanta da 'yancin kai, domin mai cin gashin kai yana nan cikin ƙasar, mai 'yancin kai kuwa ƙasa ce mai tutarta.

Tarihi ya nuna cewa aiki ɗaya yana iya rarraba wani abu ya tattara wani. Kafin zuwan Turawa, hakimai da yawa a cikin birni suke zaune kusa da sarki, jakadu ne suke fita karɓo haraji. A farkon ƙarni na 20 Turawa suka tura hakimai gundumomi, suka kuma kafa baitulmali. Mutane sun watsu, amma kuɗi ya koma akwati ɗaya. Haka ma ƙirƙirar jihohi. Daga yankuna huɗu aka koma jihohi 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, sai 36 a 1996. A ido rarrabawa ce, amma kowace sabuwar jiha ta fi yankin da ta fito daga cikinsa rauni a gaban gwamnatin tsakiya, kuma akasarinsu da kason da ake rabawa daga asusun Tarayya suka dogara. Saboda haka idan aka ji an ce "an rarraba", sai a tambaya: me aka rarraba, ofisoshi, ko kuɗi, ko ikon yanke shawara?

8.0 Kalmomin a Fagen Kimiyya

Ɗalibin kimiyya ma yana cin karo da waɗannan kalmomi. A jikin mutum, ƙwaƙwalwa da laka su ne cibiyar da saƙonnin jijiyoyi suke taruwa. Amma idan yatsa ya taɓa garwashi, laka ce take ba da umurnin janye hannu tun kafin ƙwaƙwalwa ta san an ji zafi. Wannan wakilci ne irin na halitta, kuma dalilinsa sauri, domin jiran umurni daga sama zai sa ƙuna ta yi tsanani. Akwai kuma wata halittar teku mai hannuwa takwas wadda kusan kashi biyu cikin uku na ƙwayoyin jijiyoyinta a hannuwanta suke.

A 1964 wani injiniya a Amurka mai suna Paul Baran ya bayyana siffofi uku na hanyoyin sadarwa. A ta farko, kowace tasha da cibiya ɗaya take haɗe, kamar wayoyin ƙafar keke. A ta biyu akwai ƙananan cibiyoyi da dama, kowace da tashoshinta. Ta uku kuwa kamar raga take, kowane ƙulli yana haɗe da maƙwabtansa. Ya nuna cewa ta farko ta fi saurin durƙushewa, domin da an taɓa cibiya komai ya tsaya, ta uku kuma ko an tsinka wani sashe saƙo zai zaga ya wuce. Wannan tunani yana cikin tubalan da aka gina intanet a kansu. Wutar lantarkin Nijeriya misali ce ta ɗaya ɓangaren: a watan Oktoba na 2024 jihohi da dama na Arewa sun kwashe kwanaki cikin duhu, saboda 'yan manyan layukan da suke kawo musu wuta sun lalace. Tattarawa tana kawo tsari da sauƙin sa ido, rarrabawa kuma tana kawo sauri da juriya, shi ya sa injiniya, kamar mai tsara mulki, yakan auna wanne aikinsa ya fi buƙata.

9.0 Kammalawa

An ga cewa Hausa tana da isassun kalmomi na bayyana wannan batu, kuma ƙirar aikatau tana rarrabe abubuwan da wasu harsuna sai sun yi dogon bayani a kansu. Duk wanda zai yi rubutu ko fassara a wannan fage, yana da kyau ya amsa tambayoyi huɗu kafin ya zaɓi kalma: me aka tattara, wa ya tattara, da yarda ko da tilas, kuma an bar saura ko an kwashe duka? Amsoshin su ne za su nuna masa ko tattara zai ce, ko haɗe, ko karɓi, ko karɓe.

Tambayoyi don Aji

1. A bayyana bambancin ma'ana tsakanin "an haɗa kasuwanni", "an haɗe kasuwanni" da "kasuwanni sun haɗu".
2. A kawo kalmomi biyar masu ɗafa-ƙeyar -ayya, a nuna ko kowace tana ɗauke da ma'anar juna ko a'a.
3. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta. Wannan tattarawa ce ko rarrabawa? A kawo hujja ta fuskar mai unguwa, sannan ta fuskar Gwamnatin Tarayya.
4. A zaɓi labari ɗaya daga rediyo ko jarida da ya shafi ikon gwamnati, a fitar da kalmomin da suke bayani kawai da waɗanda suke yabo ko suka.
5. A zana siffofi uku na hanyoyin sadarwa da aka ambata, a nuna abin da zai faru da kowace idan aka cire tasha ɗaya.